RAM na ƙarewa a VM ɗinka? Duba direban rezo kafin ka je sayen wani

Ƴan uwa masu riƙon saba a nan Maradi, mun san kuɗin RAM ba wasa ba ne, sau da yawa sai an yi odo daga Kano ko Yamai. To kafin ka fidda jikkunanka, tsaya ka duba inda memorin ke tafiya. Watan da ya wuce an kira ni wani ƙaramin biro, saba ɗaya mai giga 16 da Proxmox (manhajar da ke gudanar da VM) a kai, kowace safiya Linux na kashe manhaja a cikin wata VM (ordinato ta manhaja da ke gudana a cikin saba) saboda wai memori ya ƙare, alhali ba wani aikin kirki take yi ba. Da na bincika, direban katin rezo ne ya kwashe kusan rabin memorin VM ɗin.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, direban ba ya jiran data ta iso kafin ya nemi wuri, tun da wuri yake jera bafa (wuraren zuba data a cikin memori) ya ajiye, kamar yadda mata ke jera bokitai a bakin famfo tun ruwa bai zo ba. Ko ruwa ya zo ko bai zo ba, bokitan nan sun riga sun ci wuri. Lissafin kuma ninkawa ne: yawan layin karɓar data, sau yawan gurbin bafa a kowane layi, sau girman kowace bafa.

Kuskure na farko shi ne kashe mrg_rxbuf, wani saiti na katin rezon VM. Wani zai ga shawara a wani wuri ya kwafa ya sa off ba tare da ya san mi take yi ba. In tana kunne, virtio-net, wato direban katin rezon VM, na ajiye ƙananan bafa, ba su wuce kilo 4 ba, in babban fakiti (ƙunshin data) ya zo sai a haɗa su a zuba shi. In ka kashe ta kuma TSO (tsarin da ke barin manyan fakiti su wuce ba a yanka su ba) na aiki, dole kowace bafa ta isa ɗaukar fakiti mafi girma, wato sama da kilo 64. Yanzu lissafa, gurbi 256 sau kilo 64 mega 16 ke nan a layi ɗaya, da ƙananan bafa kuwa mega 1 ya isa. Maida mrg_rxbuf on kawai, haka ma QEMU, injin da Proxmox ke gudanar da VM da shi, ke zuwa da ita tun asali.

Na biyu kuma, ɗaga rx_queue_size, wato yawan gurbi a kowane layi, zuwa 1024 don wai gudu ya ƙaru. QEMU na farawa da 256 ne, kuma ga irin konekshon da muke da shi a nan wallahi ya wadatar. Sai a haɗa da Multiqueue 8, wato layi 8, a VM mai vCPU 8 (CPU ɗin da aka ba VM), to a biron nan haka na tarar, mrg_rxbuf a kashe, gurbi 1024 sau kilo 64 mega 64 ke nan a layi ɗaya, sau layi 8, mega 512 cif a VM mai giga 1. Abin ya ba ni haushi sosai don mai biron har ya fara tambayar kuɗin sabuwar saba. Buga ethtool -l ka ga layi nawa ke aiki, ethtool -g ka ga yawan gurbin, in VM ɗin fayiloli ne kawai take rabawa ga ordinatoci goma, ethtool -L eth0 combined 1 ko 2 ya ishe ta.

MTU (iyakar girman fakiti) 9000 ma haka, in suwic ɗinka bai san shi ba ka bar shi a 1500. Sannan a daina barin VM a kan e1000 (tsohon nau'in katin rezo) in tsarin na iya virtio, shi e1000 dai CPU yake ci fiye da memori, amma gyara ne na minti biyu. A Windows sai ka fara sa direbobin virtio-win tukuna kada rezo ya ɓace maka.

Akwai kuma masu kwafo tcp_rmem da rmem_max (iyakar memorin da kowace haɗuwa za ta iya ci) na manyan saba masu layin giga 10 su manna a sysctl.conf. Wannan ba direba ba ne kai tsaye, amma rami ɗaya suke zuba, kowace haɗuwa na iya kumbura in mutane sun yi yawa. Duba /proc/net/sockstat, adadin mem da ke layin TCP shafuka ne, ka ninka da kilo 4.

Kuma don Allah kada ka ga buff/cache ya yi yawa a free -m ka tsorata, ginshiƙin available, wato memorin da ake iya amfani da shi, za ka duba.

Bayan ka rage, kada ka tashi ka tafi. Bari ranar aiki ta yi zafi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya lokacin da kowa ke kan rezo, ka buga ip -s link ka dubi dropped (fakitin da aka zubar) a ɓangaren RX, wato na karɓa. In lambar na hawa ka matse da yawa, ƙara layi ɗaya ko ka kai gurbin 512 ka sake dubawa gobe.