Yadda Za Ka Gwada Direba Ka Gane Ko Ya San Wa Ke Da Hanya

Akwai direban da ya shekara goma riƙe da sitiyari, yana ribas a ƙaramin lungu bai goge bango ba, amma ka tambaye shi wa zai fara wucewa a mararraba, sai ya ce maka wanda ya riga sa kai. Irinsa nake tsoro. In za ka ɗauki direba, ko ɗanka ya gama koyo yana neman makulli, gwada shi tukuna, domin rayukan mutane za ka damƙa masa.

Fara da alamomi. Zana su a takarda, kada ka rubuta komai a ciki. Ja mai kusurwa takwas na nufin a tsaya cak, ko da titin fayau yake. Mai kusurwa uku da tsininsa ya kalli ƙasa kuwa cewa yake a ba da hanya. Duka biyun suna cikin yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya, kuma siffarsu ta fita daban ne don a gane su ko ta baya, ko ƙura ta rufe rubutun. Wanda ya kasa raba su, gwajinsa ya ƙare a nan.

Daga nan sai zuciyar aikin. Zana mararraba a ƙasa, ka samo duwatsu uku su zama motoci, ka ba shi ɗaya. Babu danja, babu alama, motoci biyu sun iso tare: wa zai jira? A ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, ƙa'ida ita ce a bar wanda ya fito ta damanka ya wuce. Sai ka juya dutsensa: zai yi kwana ya yanke hannun masu tahowa. Shi ne mai jira. Mai fitowa daga gida ko gidan mai ma jira zai yi. A shataletale, wanda ke ciki shi ke da hanya, dokar da Birtaniya ta kafa a 1966, ƙasashe da dama suka bi. Duk amsar da ya bayar, ce masa "don me?" Mai hadda a nan yake inda-inda.

Ƙara masa masu sarƙaƙiya. Danja ta nuna kore amma jami'in hanya ya ɗaga hannu: umarnin jami'i ke gaba. Ta nuna kore amma gaba a cushe: ba a shiga a toshe mararraba. Ruwan ɗorawa fa? Da yawa sun ɗauka kiran taka totur ne, alhali tsayawa ake nufi, sai dai in birkin zai jawo haɗari. Ga kuma jiniyar motar asibiti a bayansa, ina zai raɓe?

Tambaye shi tazara. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kafin ma ƙafa ta kai birki. In gudu ya ninka, nisan birki sau huɗu yake ƙaruwa. Ya kamata ya san barin aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gaba, ya ninka in ana ruwa.

Sannan ku hau titi. Zauna a gefensa, ka kama bakinka, ka dubi idonsa maimakon hannunsa. Ya leƙa madubi kafin ya sa sigina? Ya tsaya wa tsohuwar da ta sa ƙafa a zanen tsallakawa, ko hon ya danna mata? Ya haura layin da bai yanke ba don ya wuce babbar mota?

Ni ina yafe kuskuren fakin, amma ba na yafe kuskure ko ɗaya a kan ba da hanya. In ya faɗi, ba shi littafin dokokin hanya na ƙasarku ya karanta, ya dawo bayan mako guda, ka sauya wa duwatsun wuri.