Yadda ake sanya launi a alƙaluman 'yan wasa cikin manhajar bin diddigin poker

Wanda ya taɓa buɗe teburi huɗu na poker, wasan caca na karta, lokaci guda a intanet ya san agogo ba ya jiran kowa. Daƙiƙoƙi kaɗan gare ka, ga lambobi sun cika allo kamar tururuwa. Manhajoji irin su PokerTracker 4, Hold'em Manager 3 da Hand2Note suna tara tarihin kowane rabon karta, sannan su liƙa ɗan akwatin alƙaluma kusa da sunan kowane abokin karawa. Akwatin nan shi ake kira HUD, launi kuwa shi ke sa ka gane abin da ke ciki da kallo ɗaya. Hukuncin caca a addini sananne ne, bayanin manhaja kawai nake yi a nan.

Kafin komai, duba dokar shafin da kake wasa. GGPoker ba ta yarda da HUD na waje ba, partypoker ma ta hana shi a 2019. Wanda ya karya dokar, ana iya rufe masa asusu.

Mataki na farko, rage kaya. Alƙaluma huɗu sun ishe ka: yawan rabon da aka tara a kan mutum, VPIP, PFR da 3-bet. VPIP shi ne kaso nawa cikin ɗari mutum ke zuba kuɗi da son ransa kafin a buɗe katunan tsakiya, waɗanda kowa ke amfani da su tare. PFR kuma sau nawa yake ƙara kuɗi a wannan matakin, ba bi kawai ba, wato zuba daidai abin da wani ya zuba. 3-bet shi ne ƙari a kan ƙarin wani.

Na biyu, shiga wurin gyaran HUD. A PokerTracker 4 za ka zaɓi alƙalumin, ka nemi Color Ranges, ka rubuta iyaka da launin kowane zango. Kwafi tsarin asali tukuna, ka yi gyaranka a kan kwafin.

Mataki na uku shi ne gundarin aikin: yanke iyakoki. A teburin mutum shida, ƙwararru galibi suna yawo tsakanin VPIP 22 da 28, PFR kuma 18 zuwa 23. Wannan zangon ka bar shi fari ko ruwan toka, domin ba ya gaya maka komai sabo. VPIP ƙasa da 15 ka sa shuɗi: mutum ne mai rowar karta, in ya ƙara kuɗi to da abu a hannunsa, kauce masa. Sama da 40 ka sa ruwan lemo mai haske, shi ne wanda ke shiga kusan kowane rabo. Sai ka lura da tazarar VPIP da PFR. Mai VPIP 45 da PFR 8 bi yake yi kawai kamar raƙumi da akala. Kada ka ɓata lokaci wajen yi masa burga, jira karta mai kyau ka caje shi. Mai 45 da 38 kuwa wuta ne, zama da shi sai da shiri. A teburin mutum tara dole ka sauke iyakokin ƙasa, don can an fi ajiye karta.

Ni dai ban ga amfanin wuce launi uku ba. Kuma ma'anarsu ta zama ɗaya a ko'ina: in shuɗi na nufin rowa a VPIP, ya nufi rowa a 3-bet. Ja da kore ma na daina haɗa su, tunda maza da yawa ba sa bambance su sosai.

Na huɗu, kada launi ya ruɗe ka. Lokacin da na fara, na ga wani ya yi jajir da VPIP 60, na ɗauka banza ta faɗi. Ashe rabo 10 kacal aka tara a kansa, ya shiga 6 saboda karta ce ta zo masa. Ya kwashe ni tas. Tun ranar nake sa wa lambar yawan rabo nata launin: ruwan toka mai duhu in ba ta kai 50 ba, fari in ta haura 100. 3-bet yana buƙatar rabo ɗaruruwa kafin a amince da shi, domin damar yin sa ba ta zuwa kullum.

Daga ƙarshe, buɗe tsohon wasa a wurin maimaita rabo na manhajar ka gwada. In fiye da rabin teburin ya ɗauki launi, iyakokinka sun matse, koma ka faɗaɗa zangon fari.