Darasi na Bakwai: Riƙe Lokaci Ɗaya a Jimlar Turanci

A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce take ɗauke da lokaci, shi ya sa muke cewa na saya, zan saya, nakan saya, ba tare da kalmar "saya" ta motsa ba. A Turanci kuwa, aikatau ɗin kansa ne yake sauya kama idan aikin ya riga ya wuce: buy ya koma bought, go ya koma went, send ya koma sent, mafi yawa kuma a liƙa musu -ed a ƙarshe, kamar work da worked. Daga wannan bambanci yawancin kurakuranmu suke tasowa, domin mukan gyara aikatau na farko, sai mu bar na biyu yadda yake.

Ku duba abin da tela zai iya rubuta wa wanda ya kawo masa ɗinki: "Yesterday I went to Kasuwar Barci and I buy ten yards of shadda." Tafiyar jiya aka yi ta, sayen ma jiya aka yi shi, saboda haka daidai shi ne "went" da "bought". Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Ɗan kasuwar da ya rubuta "I received the money and I send the goods" ya bar abokin cinikinsa cikin duhu, bai sani ba ko an tura kayan ko ba a tura ba, alhali harafi ɗaya ne tsakanin send da sent.

Akwai wuri guda da ya fi kowanne kama ɗalibai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe yana cewa, "Jiya ina dawowa daga Kawo sai ruwa ya sauko," kuma maganarsa daidai take, domin "jiya" ta riga ta faɗi lokacin, "ina" kuma tana nuna cewa ana cikin aikin ne kawai. Turanci bai yarda da haka ba. Ko da an ambaci yesterday, dole am ɗin da ke cikin "I am coming" ta koma was: "Yesterday I was coming back from Kawo when the rain started."

Wannan ba ya nufin an hana sauya lokaci baki ɗaya. Ana sauyawa idan lokacin ne da kansa ya sauya, kamar a "The Abuja-Kaduna railway opened in 2016, and trains now leave from Rigasa," inda buɗewar ta wuce amma tashin jiragen yana ci gaba. Haka nan abin da yake gaskiya kullum yana iya zama a lokaci mai ci: "The teacher told us that the Kaduna River flows into the Niger."

Aiki: Ku ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ku tambayi kanku yaushe aka yi aikin, sannan ku sake rubuta jimlar daidai.

1. Last week my son fell sick and I take him to the hospital.
2. I am sleeping when the customer called me.
3. She finished the work and goes home.