Babi na 6: Rangwamen Haraji ga Mai Ƙaramar Sana'a da Ya Ɗauki 'Yan Yankinsa Aiki

Darasi na 1: Littafin ma'aikata

'Yan'uwa, gwamnatoci da dama suna rage wa mai ƙaramar sana'a haraji idan ya ɗauki mutanen yankinsa aiki. Sai dai jami'in haraji ba ya karɓar maganar baki, abin da ke rubuce yake dubawa. Don haka kowa ya ɗauko sabon littafi da biro.

Buɗe shafin farko. Ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Ƙirga da yatsa, za ka ga gida biyar. A gida na farko rubuta sunan ma'aikaci yadda yake a katin shaidarsa, ba laƙabin da ake kiransa da shi ba. Na biyu, adireshinsa, domin shi ne shaidar cewa ɗan yankin ne. Na uku, ranar da ya fara aiki. Na huɗu, albashinsa. Na biyar, sa hannunsa, ko ya dangwala yatsa.

Mu koma gida na uku, don nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Abu uku ake so: rana, wata, shekara. Misali: 3 ga Maris, 2025. Sunan watan a rubuta shi da harufa, kada a sa lamba, don lamba tana rikitarwa. Idan hannunka yana rawa, ba komai, rubuta a hankali. Ba kyan rubutu ake nema ba.

Yaushe za ka rubuta? Ranar da ya fara, kafin ya taɓa aiki. Ba gobe ba, ba ƙarshen wata ba.

Ga dalili. A Amurka, tsarin rangwamen da aka kafa a 1996 ya ba wanda ya ɗauki ma'aikaci kwana 28 kacal daga ranar da ma'aikaci ya fara, ya miƙa fom mai lamba 8850. Wanda ya makara ya rasa. A Afirka ta Kudu, tun Janairu 2014 ake rage wa wanda ya ɗauki matasa 'yan shekara 18 zuwa 29 haraji, har tsawon wata 24. Ta yaya za ka ƙirga kwana 28 ko wata 24 in ba ka san ranar farawa ba?

Na ga littattafai da aka rubuta "farkon wata" a gida na uku. Farkon wata ba rana ba ce! Na ga waɗanda aka bar gidan fayau, wai za a cike daga baya. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Haƙƙinka ne kake zubarwa da hannunka. Rana, wata, shekara. Ku maimaita da ƙarfi. Yauwa, sannunku da ƙoƙari.

Darasi na 2: Rangwame iri biyu

Wani rangwamen daga riba ake cire shi, wani daga harajin kansa. Mu ce ribarka 1,000 ce, haraji kashi 20 cikin ɗari, wato 200. Idan aka cire 100 daga riba, saura 900, harajinka ya zama 180. Ka tsira da 20. Idan kuwa daga harajin aka cire 100, za ka biya 100 kawai. Iri na biyu ya fi tsoka. Tambayi jami'in haraji wanne ne ya shafe ka.

Kada ka ɗauki mutumin da ba ka buƙata saboda rangwame. Albashinsa zai fi abin da aka rage maka yawa. Kada kuma ka sa sunan wanda ba ya aiki, wannan zamba ce, akwai hukunci.

Ka duba gida na uku yau?

Darasi na 3: Miƙa takardu

Sai mai rajista da ofishin haraji ake rage wa. Je da littafinka da shaidar biyan albashi. Riƙe kwafin duk abin da ka miƙa.

Aikin gida

Rubuta ranar yau sau biyar: rana, wata, shekara.