Yadda nake haɗa hoton ginin Gotik da AI

Mutane sun dame ni a inbos kan hoton cocin nan na Gotik, wato tsohon salon gini na Turai, da na haɗa da AI na ɗora, kowa sai ya ce koya min. To ga shi.

1. Buɗe manhajar AI mai haɗa hoto, ko Midjourney ko duk wadda datarka za ta ɗauka.

2. Zaɓi gini guda na gaske a ranka, kamar Notre-Dame ta Faris da aka fara ginawa a 1163, ko cocin Kolon na Jamus mai hasumiya biyu, kowacce kusan mita 157.

3. Rubuta sunan ginin a farkon umarninka.

4. Ambaci bakan ƙofa da na taga masu tsini a sama.

Hattara a nan! In ka rubuta Gotik kawai ba bayani, wallahi sai ta kawo maka gidan aljanu da jemagu da baƙin hadari, alhali su waɗannan gine-ginen don haske aka yi su.

5. Ƙara tagar nan mai zagaye kamar fure, da gilashi mai launi.

6. In ciki kake so, ce rufin ya fito da haƙarƙarinsa da ke haɗuwa a tsakiya, kusan kamar bakan gizo na tsohon masallacin Zariya.

7. Nemi hoton tsaye, na kwance yana cinye tsayin.

8. Faɗi lokaci, ni hantsi na fi so, lokacin da ja da shuɗin gilashin ke zubowa kan daɓen dutse.

9. Zuƙo hoton ka duba bakunan, in sun fito zagaye ta kauce, sake.

10. Ajiye wanda ginshiƙansa suka miƙe.