Babi na 6: Koyon Harbi da Kwari da Baka

Idan aka gama girbi, aka shigar da dawa da gero rumbu, mutumin ƙauye yakan sami lokaci. Wani ya ɗauki fatsa ya nufi rafi, wani ya koma kan tattabarunsa, samari kuma su yi ta kokawa da langa a dandali. A wannan babi za mu yi magana a kan harbi da kwari da baka, domin mai son ya koya tun daga tushe, ko don ya sami nama a tukunya, ko don ya kare gonarsa daga ɓarnar gafiya da kurege, ko kuwa don sha'awa kawai.

Harbi sana'a ce mai asali a ƙasarmu. A yaƙin Tafkin Kwatto, cikin shekarar 1804, yawancin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, amma suka tarwatsa mahayan Sarkin Gobir Yunfa masu lifidi. Har yau ana naɗa Sarkin Baka a garuruwa da yawa. A Musulunci ma harbi abin yabo ne, kuma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas shi ne ya fara harba kibiya don ɗaukaka addini.

Fara da neman malami

Karatun wannan babi ba zai mai da kai maharbi ba. Hannu ne yake koyon harbi, hannu kuwa yana bukatar wanda zai gyara shi. Ka sayi goro, ka je wurin Sarkin Baka ko wani dattijon maharbi na unguwarku, ka durƙusa ka gaishe shi. Kana iya cewa: "Baba, Allah ya ƙara girma. Na zo ne in kama ƙafa, ina son a koya mini harbi." Kada ka yi mamaki in ya sa ka ɗaukar masa kwari da gorar ruwa na tsawon makonni kafin ya bar ka ka ja baka. Halinka yake dubawa. Mai saurin fushi da mai garaje ba a ba su makami.

Kayan aiki

Baka sanda ce mai lanƙwasa ta dawo. Tsawon bakar babban mutum yakan kai kamu 3, wato kusan mita 1 da rabi. Ana yin ta da itace mai danƙo da ƙarfi, irin su dargaza da ɗunɗu, wasu kuma da gora. A sari reshe miƙaƙƙe marar ƙulli, a ajiye shi a inuwa ya bushe sannu a hankali. Wanda aka shanya a rana tsagewa yake yi. In ya bushe, a fere shi yadda tsakiya za ta fi kauri, bakuna biyu su tafi suna sirancewa daidai da juna. In gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, kibiya ba za ta taɓa tafiya inda ka nufa ba. A riƙa shafa mata man kaɗanya ko man shanu don kada hunturu ya busar da ita.

Tsarkiya kuma da fata ake yin ta, a yanka siriri, a jiƙa, a murza, a ɗaure ta a miƙe har ta bushe. Yanzu wasu suna amfani da igiyar roba mai ƙarfi, kuma babu laifi, musamman da yake ita ba ta saki in ta sha raɓa. In ka gama harbi ka sassauta tsarkiya. Bakar da ta kwana a ɗaure kullum ƙarfinta raguwa yake yi.

Jikin kibiya da kyauro ake yi, wanda yake fitowa a bakin rafi da fadama. Kibiyarmu ta gargajiya gajeruwa ce, kamar santimita 60, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta wasu ƙasashe. Nauyin ƙarfen da yake kanta ne yake jan ta gaba. Saboda haka ka zaɓi kyauro miƙaƙƙe. In yana da ɗan karkata, ka gasa wurin a kan garwashi kaɗan, ka miƙar da shi da hannu, ka riƙe har ya huce. Maƙeri ne yake ƙera kan kibiya. Ana cusa shi a cikin kyauron, a naɗe wurin da jijiya don kada ya tsage, a kuma naɗe gindin inda tsarkiya take shiga.

Wani kuskure da sababbi suke yawan yi shi ne neman baka mai tauri, don a ce su ƙarfafa ne. Bakar da ba za ka iya ja ka riƙe ta har ka ƙidaya 5 ba tare da hannunka ya yi rawa ba, ta fi ƙarfinka. Ajiye ta, ka nemi mai sauƙi.

Wurin koyo

Ka cika buhu da tsummoki ko ƙaiƙayi, ka danna shi sosai, ka zana da'ira da gawayi a tsakiya kamar faɗin faifai. Ka jingine shi a jikin tudun ƙasa ko gangaren kududdufin da ya ƙafe, yadda kibiyar da ta kuskure za ta shige ƙasa. Kada a yi koyo a cikin gida, ko a jikin danga ko zana, domin ba ka san wanda yake bayanta ba. Yara suna son kallo, to su tsaya a bayanka, kuma kada kowa ya je ɗebo kibiya sai ka ajiye baka a ƙasa.

Da ƙunda za ka fara, wato kibiya marar tsini wadda yara suke harbin tsuntsu da ita. Ba abin kunya ba ne ga babba.

Yadda ake harbi

Tsaya da gefenka, kafaɗar hagu tana fuskantar buhu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Riƙe baka da hagu a tsakiyarta, amma kada ka damƙe ta da ƙarfi. Bahago sai ya juya komai. Ɗora kibiya, ka sa gindinta a tsarkiya. Wasu maharba da babban yatsa da manuniya suke kama gindin kibiya, su taimaka da sauran yatsu a kan tsarkiya. Wasu kuma da yatsu 3 suke ja. Bi yadda malaminka ya nuna maka, ka tsaya a kai.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wannan: duk lokacin da ka ja, hannunka ya tsaya a wuri ɗaya. In a gefen haɓa ne, to kullum a gefen haɓa. In yau ka ja zuwa haɓa, gobe ka tsaya a ƙirji, jibi ka wuce kunne, kibiyoyinka za su warwatsu, kuma ba za ka gane dalili ba. Sai ka ɗora wa baka laifi, ko iska, ko ka ce an yi maka asiri. Maharbin da ka ga yana samun abin da ya auna ba wani laƙani ya fi ka da shi ba, hannunsa ne ya saba da wuri ɗaya har ba ya bukatar tunani. Idonka kuma ya kafe a kan ɗigo ɗaya cikin da'irar, ba a kan buhun gaba ɗaya ba. Sannan ka saki yatsu kawai, kada ka fizge hannu, kada kuma ka sauke baka sai ka ji kibiya ta sauka.

Tsarkiya takan doki cikin damtsen hannun hagu, wurin ya yi jawur. Ɗaura ɗan yankin fata a wurin. Kada ka taɓa jan baka ka saki babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka zai koma jikin itacen, yana iya karyewa a fuskarka. Kafin kowane harbi ka lanƙwasa kibiya kaɗan kusa da kunnenka. In ka ji ƙara, ta tsage, karya ta ka jefar.

Fara daga taku 5. Harba kibiya 10, ka rubuta a littafinka nawa suka shiga da'ira. Ranar da ka sami 8 cikin 10 kwana 3 a jere, ka ja baya zuwa taku 10, daga nan 15, daga nan 20. Nisan da kake samun 8 cikin 10, shi ne iyakarka a daji. Ana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a farauta ban yarda da wannan ba. Dabbar da ka raunata ta gudu da kibiyarka, ka yi asarar kibiya, ba ka sami nama ba, ita kuma ta je ta mutu a wahalce cikin rami. Gara ka kuskure gaba ɗaya. Ni a ganina, mai koyo ya ƙare raninsa na farko a kan buhu.

Shiga daji

Tun da baka ba ta cin nesa, gwanintar maharbi tana wurin kusantar dabba. Shi ya sa maharban zamanin da suke ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓe jiki da baƙin zane, su sunkuya suna tafiya suna kwaikwayon tsuntsun har su shiga cikin namun daji ba a tsargu da su ba. Kai ba sai ka kai nan ba. Koyi sawu da kashi, ka san inda zabi suke kwana da inda suke shan ruwa. Fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Riƙe 'yar toka a aljihu, ka barbaɗa kaɗan ka ga inda iska ta nufa, ka tafi iska tana bugun fuskarka, don kada ta kai wa dabba warinka. Zabon daji da fakara da zomo sun ishi mai koyo. Da damina kuwa a bar su, lokacin ƙwai ne da 'ya'ya.

Kada ka harbi motsin ciyawa. Sai ka ga dabba da idonka, ka kuma ga abin da yake bayanta. Mai itace da makiyayi da ɗan akuyar wani duk suna motsa ciyawa.

Dafi, doka da halacci

Kowa ya san maharban zamanin da suna dafa dafi da 'ya'yan kwankwani su shafa wa kibiya. Wannan dafi zuciya yake tsayarwa, kuma bai san bambancin barewa da mutum ba. Ƙwarzane kaɗan a yatsa, ko yaro ya zura hannu a kwari, an shiga uku. Dokar kare namun daji masu ƙarewa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016, ta hana farauta da makami mai dafi, da cinna wa daji wuta, da farautar dare. Malaman Malikiyya ma sun ce ba a cin abin da aka harba da kibiya mai dafi aka tarar ya mutu, domin ba a san ko kaifin ne ya kashe shi ko dafin ba. Ƙananan namun da muka ambata ba sa bukatar dafi ko kaɗan.

Ana yin bisimilla lokacin sakin kibiya. In ka iske dabba da sauran rai, yanka ta nan take, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka. Abin da ƙunda ta buge ya mutu kafin ka iso mushe ne, sai in ka same shi da rai ka yanka. Kashe dabba don wasa kawai, ba don ci ko kare gona ba, malamai sun karhanta shi. Mai sha'awar harbi kawai, buhu ya wadace shi, kuma ana iya haɗa gasa a bayan gari ranar da babu aiki.

Akwai dazuzzukan da aka keɓe, ba a farauta a cikinsu sam: Yankari a Jihar Bauchi, Falgore a Jihar Kano, Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, da gandun dajin W a Nijar. Giwa da zaki da damisa da raƙumin dawa ba a taɓa su a ko'ina. Kafin ka fara fita, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambayi batun lasin.

Zamanin nan kuma na rashin tsaro ne, mutum da makami a hanya abin zargi ne. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa gida Kano, bayan an ga makamansu a mota. Ka yi rajista da ƙungiyar maharban garinku, ka riƙe katin shaida, mai unguwa ya san da kai, kuma kada ka shiga dajin wani gari sai da izinin dagacinsu.

In tsautsayi ya faɗa, kibiya mai kunne ta shiga jikin mutum, kada a fizge ta, domin kunnuwan za su yaga nama da jijiya. A tallafe ta da tsumma mai tsabta don kada ta motsa, a garzaya asibiti, a kuma nemi allurar tetanus, ciwon nan mai sa haƙora su sarƙe. Masu harbin gafiya da ɓera su yi hattara da zazzaɓin Lasa, wanda ake ɗauka daga fitsari da kashi da jinin wani irin ɓera. Wanke hannu da sabulu bayan fiɗa, a dafa nama ya nuna sosai.

Aikin aji

Wani mai koyo ya harba kibiya 10 daga taku 10. Ranar Litinin ya sami 6, Talata 8, Laraba 7. Kibiya nawa ya harba duka? Nawa suka shiga da'ira, nawa suka kuskure? Ya isa ya ja baya zuwa taku 15? Rubuta dalilinka a jimla 2.

Ku tattauna da malaminku: waɗanne namun daji ne iyayenku suka sani a dajin garinku waɗanda yanzu ba a ganinsu? Kowa ya tambayi wani dattijo a gida, ya rubuto sunaye 5 ya kawo aji mako mai zuwa.