Kurakuran da aka fi yi wajen gane sassaƙen Durga a wuraren bautar Hindu

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun saba ganin hoton wata mace mai hannuwa da yawa a bisa damisa, shi ya sa da mun ga irinta a jikin dutse sai mu ce ai duk kanwar ja ce. Mabiya addinin Hindu suna kiranta Durga, kuma a labarinsu ita ce ta kashe aljani Mahisha mai siffar ɓauna. Labarin ɗaya ne, amma kowane yanki da yadda masassaƙansa suka fitar da shi.

Kuskuren farko shi ne ƙirga hannuwa don a gane yanki. A kogo na 6 na Udayagiri da ke jihar Madhya Pradesh, inda akwai rubutun zamanin Sarki Chandragupta na biyu na wajen shekarar 401, hannuwanta 12 ne. Amma a garuruwan Mamallapuram da Aihole na kudancin Indiya, har da Prambanan can tsibirin Java na Indunusiya, duk 8 ne, alhali salonsu ko kusa bai haɗu ba. Ka bar hannuwan, ka fara duban ɓaunan.

A Udayagiri dabba ce sak, an danne ta. A Mamallapuram kuwa, bakin tekun Tamil Nadu, masassaƙan daular Pallava na ƙarni na 7 sun ba aljanin jikin mutum da kan ɓauna. Wannan ne ya fi kama ni. Durga siririya ce, tana kan zaki ta ɗana baka, gajerun mayaƙanta suna kutsawa gaba. Shi kuwa ƙato ne, ya fi ta girma nesa ba kusa ba, riƙe da kulki, har yanzu ana riƙe masa laimar sarauta, amma jikinsa ya karkata baya, mutanensa sun fara zubewa. Ba a nuna kisan ba. Daidai lokacin da yaƙi ya juya aka kama, wanda kuma ya zo neman gawa zai wuce bai ga komai ba. A Prambanan, aikin ƙarni na 9, tana tsaye cikin natsuwa a kan ɓaunan, hannu ɗaya riƙe da wutsiyarsa, ɗaya ya damƙi gashin ɗan guntun aljanin da ya fito daga jikinsa.

Wasu kuma in ba su ga zaki ba sai su ce ba ita ba ce. A ƙasar Tamil sau da yawa tana tsaye ƙyam a kan yankakken kan ɓauna, wani lokaci da barewa a gefenta, gadon tsohuwar abar bautarsu ta yaƙi, Korravai. A gine-ginen daular Chola ta ƙasar Tamil nemi ta a bangon arewa. Damisar nan ma ta fi yawa a hotunan zamani ne. A tsofaffin duwatsu zaki aka fi gani.

Akwai rashin adalcin da ke damuna: a ga sassaƙen daular Hoysala a garuruwan Belur da Halebidu na jihar Karnataka, ƙarni na 12, cike da sarƙoƙi da awarwaro, sai a ce su ne gwanaye, na Pallava ba su iya ba. Dutsen ne ya bambanta. Na Hoysala mai laushi ne, yana karɓar ƙananan zane kamar ƙwarya, na Mamallapuram kuwa tauri gare shi, sai a bar ado a ba tsayuwar jiki ƙarfi.

Kada a haɗa Durga da Chamunda, wata abar bautar Hindu wadda ake sassaƙawa a rame, haƙarƙari a waje, da sarƙar ƙoƙunan kai. A wurin bauta na Vaital Deul da ke birnin Bhubaneswar a gabashin Indiya, ƙarni na 8, Chamunda ce a ciki, Durga tana bangon waje tana danne kan aljanin da tafin hannu.

Suna ma yana ruɗi. Ginin da ake kira na Durga a Aihole, jihar Karnataka, ba dominta aka gina shi ba. Sunan daga kalmar "durga" ne mai nufin ganuwa, saboda wadda ke kusa da shi, duk da cewa a ɗaya daga cikin gurabun bangonsa akwai ta, ta taka ɓaunan ta soka masa mashi mai baki uku.